Ruwan Kondiba Mai Hawa Sama

Duk wanda ya taɓa hawa mashigin dutsenmu da damina ya san Kondiba mai masara, in bai san sunansa ba ya san hayaƙinsa. Can a kwanar ƙarshe yake, inda titi ke matsewa tsakanin duwatsu, da 'yar rumfarsa ta shuɗiyar leda da murhun gawayi da guntun kwalin da yake fifita wuta. Gajere ne, ƙafafu sun gwame don hawa da sauka, ga farin gashin baki da sai ya murza kafin ya yi magana. In ya gasa masara sai ya dangwala rabin lemun tsami a gishiri da barkono ya goge ta tas, ya miƙo maka a cikin ɓawonta. Mutanen biranen Pune da Mumbai kuwa, da an ce ruwa ya sauka sai su ɗuro kamar an koro su, su tsaya cikin ruwa suna ihu suna ɗaukar hoto. Mu dai har gobe ba mu ga abin murna a jiƙewa ba, amma Kondiba ba ya yarda a zage su a gabansa. Cewa yake, wanda ya baro gidansa don kawai ya kalli dutse ba mugun mutum ba ne.

Abin da ke kawo su yana bayan rumfarsa. Akwai wani rafi da ke faɗawa cikin kwazazzabo, to in iskar teku ta taso da ƙarfi ta daki dutsen, sai ta tare ruwan ta maido shi sama, fari fat. Kondiba ya tsufa yana kallonsa bai gaji ba.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda ruwan na hawa sama ba, matarsa Anusaya. Kuma ba laifinta ba ne. Lokacin da iskar ke da ƙarfi shi ne lokacin dashen shinkafa, matan ƙauyen duk suna duƙe cikin taɓo, gayya yau a gonar wannan gobe a ta waccan. Kafin a gama iska ta kwanta, ruwa ya koma zuba ƙasa kamar na kowa. Don haka kullum ya sauko da yamma, tana miƙo masa gurasar shinkafa tana tsokanarsa.

"Yau ma ya hau saman?"

"Ya hau mana! Har ya wuce kan bishiya."

"Sannu, baban Shewanta. Gobe kuma shinkafa za ta dasa kanta, in huta."

Sunan 'yarsu ke nan da ke aure a gari, don Anusaya ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce wata rana za ta gani. A haka suka yi furfura.

Daminar bara ce ya lura layin dashenta ya karkace. Anusaya fa, wadda ake turo amare su koyi miƙe layi a bayanta! Da rani Shewanta ta kai ta wurin likitan ido, ya ce ba yana ba ce balle a kankare, jijiyar ce ke mutuwa, ganin da ya rage mata ba lallai ya kai wata shekara ba. Anusaya ta ce to, ta dawo ta ci gaba da tsince shinkafarta da laluben yatsu. Kondiba ne abin ya kayar. Tsoro ya kama shi sosai, tsoron matar nan za ta shiga duhu ba ta ga abu ɗaya tak da yake da shi na nuna mata ba.

Da damina ta kankama ya ce ta shirya su hau. Ta ce haba, a tsakiyar gayya? Matan da suka duƙa a gonarta ta bar su da bashin rana guda a wuyanta? Ko kusa. Sai ga Kondiba ran Lahadi, ranar da motoci ke cika mashigi, ya bar rumfa a rufe ya naɗe zane ya faɗa taɓo a cikin mata don ya rama mata ranarta. Kai, ya sha tsiya!

"Amarya, miƙe layinki!"

"Ku bar shi, masara ya sani, ita ba ta san layi ba!"

Ya wuni a duƙe, ya fito baya ya ƙi miƙuwa. Anusaya ta shafa masa mai tana mita, amma ta yarda za ta hau.

Washegari suka bi motar Popat mai kai madara. Anusaya ta fito da irlarta, rumfar nan ta gora da ganye da muke kifawa daga ka har gadon baya in za a shiga gona. Popat ya leƙo yana dariya.

"Inna, yawon buɗe ido za ki ko dashe? 'Yan birni za su ɗauke ki hoto fa."

"Su ɗauka. Ni ba mahaukaciya ba ce da zan tsaya ruwa ya dake ni."

Suna hawa gajimare na saukowa. Kafin su kai kwanar ƙarshe ya rufe mashigin ruf, ko tafin hannunka ba ka gani sosai. Kondiba ya buɗe rumfa. Ya ce su jira, yanzu zai yaye. Ya hura wuta ya gasa mata masara, ta ci tana cewa gishiri ya yi yawa, ta cinye ta karɓi ta biyu. Rana ta yi tsaka, ta karkata, gajimare ko gezau. Popat ya dawo daga kai madara ya tsaya a titi yana jiransu.

"Mu tafi, baban Shewanta," ta ce a hankali. "Ko ya yaye ma me zan gani? Na ci masara, ya isa."

Kondiba ya miƙe. Ya kama hannunta kawai ya ja ta ta bayan rumfa, taki ɗai-ɗai a kan dutse mai santsi, har ya ɗora tafinta a kan ƙarfen da aka gitta a bakin kwazazzabo. Ta gyara irlarta ta leƙa. Fari ne kawai gaba da baya, sai rurin ruwa.

Sai iska ta taso.

Ruwa ya watso mata a haɓa, ya shiga hanci, ya bi wuya ya jiƙa rigarta da zanen sarinta sharkaf. Ta yi baya tana tari. Ta ɗaga hannu ta shafa cikin irlar, ta ji ganyen ciki na ɗiga. Ta sake shafa ƙarƙashin haɓarta. Tun tana yarinya take kifa irla, ruwan sama iri-iri ya dake ta, amma bai taɓa samun wannan wurin ba, don ruwa daga sama yake zuwa.

"Kai!" ta ce. "Daga ƙasa yake fitowa!"

Kondiba ya tsaya yana murza gashin baki, hawaye na bin ruwan fuskarsa. Anusaya ta cire irlar da kanta ta miƙa masa, ta koma ta riƙe ƙarfen da hannu biyu ta sunkuyar da fuska, ruwa na dukanta tana dariya irin ta 'yan birnin da take wa kallon mahaukata. Can a titi Popat ya danna hon.

"Bar shi ya yi ta yi," ta ce. "Matso kusa ka faɗa min, har ina ya kai?"

Kondiba ya ɗaga kai. Shi ma ba ya ganin komai sai fari.

"Ya wuce kan bishiya," ya ce.

"To," in ji Anusaya, ta laluba ta kama hannunsa. "Na yarda."