Kiran Alhamis na Adda Juwairiyya

Adda Juwairiyya ba ta da fara'a, gara in faɗa tun farko. Doguwar Bafillatana ce daga Inkil. Mun yi shekaru muna aiki tare a wani kamfanin sayar da maganin dabbobi kusa da Ƙofar Ran, ban taɓa ganin haƙorinta ba sai in tana cin goro.

Lambar kamfanin ɗaya ce, wayoyin tebur huɗu. Tobenna mai haɗa mana waya shi ya jera su: kira yana fara sauka a teburin Chioma, in tana kan layi ko ba ta ɗauka ba ya tsallako nawa, daga nan na Salihu, ya ƙare a na Adda, can lungu kusa da sito. Kana zaune za ka ji ƙarar tana bin tebur tebur kamar baƙo mai neman gida. Da an ɗauka, wata 'yar jar fitila ta kama a jikin duk wayoyin har a gama magana. Mu ukun malalata ne, sau da yawa sai mu bar kira ya wuce. Adda kuwa kira bai taɓa mutuwa a gabanta ba.

Dalilinta ƙaninta ne, Bakari. Wata shekara da rani ya kora shanu kudu, abokan tafiyarsa suka dawo, shi shiru. Ba ya riƙe waya. Lambar kamfanin kaɗai ya haddace, don ita yake kira da wayar aro in saniya ta kwanta. Dangi suka gaji suka yi masa addu'a. Adda ta ƙi karɓar gaisuwa.

Sai aka fara wani kira duk Alhamis bayan azahar. In Chioma ta ɗauka, ya yanke. In ni ce, ya yanke. In aka bar shi ya isa lungu, Adda ta ɗauka, ta yi ta magana ƙasa-ƙasa da Fillanci. Ni da shegen son jin ƙwaƙwaf, rannan na tsaya a kanta. Ba ta kore ni ba, ta ɗora mini kan wayar a kunne. Iska na ji, da kukan shanu can nesa, da numfashin mutum dab da kunnena.

Na ce, "Adda, yana magana?"

Ta ce, "Bai fara ba tukuna."

Tobenna ya duba na'urarsa ya fito yana sosa ƙeya. "Adda, kira yana shigo, amma lamba babu. Ni ban taɓa gani irin wannan ba."

Daga nan ya zama doka a ofis ba tare da kowa ya kafa ta ba: Alhamis bayan azahar ba mai taɓa waya. Manaja ya yi faɗa har ya haƙura.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ba ciwon ne ya dame ta ba. Ta aika aka kira Tobenna har Inkil, ta ce, "Don Allah, ƙanena, kada Bakari ya kira ya tarar ba kowa." Sai ya ƙara wayarta ta hannu a ƙarshen jerin. Kira ya bi teburanmu, ya wuce kujerarta da ba kowa, ya fita ya same ta a kan gado.

Ranar wata Laraba ta rasu. A wurin gaisuwa 'yarta Zakiyya ta damƙa mini wayar a kashe. "Anti, ku sa a cire lambar. Ba za mu iya jin ƙararta ba." Tobenna ya ce sai Asabar zai samu zuwa.

Washegari bayan azahar wayar Chioma ta yi ƙara. Chioma ta sa hannuwanta a cinya. Ƙarar ta dawo gabana, ban motsa ba. Ta wuce Salihu, ta yi ta yi a lungu, sannan ta ɗauke. Zuciyata ta karye, na ce shi ke nan, yau ya rasa ta.

Sai jar fitilar ta kama.

Na zazzage jakata a kan tebur. Ga wayar Adda nan a kashe, fuskarta baƙi ƙirin. Salihu ya danna ta, ko motsi. Fitilar kuwa tana nan ja a wayoyi huɗu. Ba wanda ya iya tashi. Tsoro ya kama ni, amma can ƙasan tsoron wani daɗi nake ji wanda na kasa faɗa wa kowa. Lokacin da Adda take raye kiran bai taɓa daɗewa haka ba. Har aka kira la'asar fitilar tana ci.

Chioma tana hawaye ta ce, "Wannan karon ya yi magana."

Fitilar ta mutu.

Asabar Tobenna ya zo ya cire lambar, bai tambayi komai ba. Alhamis ta zagayo, muka naɗe hannu bayan azahar muna jira. Har yau muna naɗewa, amma Bakari bai sake kira ba.