Marfin Tayar Gaba

Shekarar da man fetur ya fi ƙarfina na jingine babur a zaure, na sayi keke ɗan gwanjo, irin mai kaurin taya da giya da sifirin a gaba, wanda aka ce don hawa duwatsu aka ƙera shi. Babu dutse ko ɗaya tsakanin gidana a Badariya da ofis ɗinmu, amma akwai ramuka, keken kuma yana shanye su. Duk rani muka yi lafiya lau da shi.

Ranar da aka yi ruwan farko na gane cewa keken ba shi da marfin taya. Ban taɓa lura ba. Tayar gaba, da manyan haƙoranta, ta riƙa ɗebo jar laka tana watso mini tun daga ƙafar wando har gemu. Na isa ofis da farin yadi kamar wanda ya kwana yana yaɓe. Wani abokin aikina da muke tebur ɗaya ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, daga hwadama kake?"

Matata ce ke wanki, ita ce kuma ta yanke hukunci bayan kwana uku. Ta ɗago rigar a gabana ta ce, "Malam, wagga laka ba ta hita. Ko ka gyara kekenka, ko ka koma sa baƙaƙen kaya."

Ran Asabar na shiga kasuwa. Mai kayan keke ya ciro mini wani baƙin marfi na roba daga leda, da noti guda da ɗan ƙarfe lanƙwasasshe. Na tambaye shi ko zai hau irin nawa. Ya ce babu keken da ba ya hawa, minti biyar ma ya yi yawa.

Na baje tabarma a tsakar gida, na kifa keken, na ɗauko sifana. Notin yana neman rami a saman ƙarafan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba. Na duba gaba, na duba baya, na shafa da yatsa, na haska da fitilar waya da rana tsaka. Babu rami. Wanda ya ƙera keken nan bai taɓa tunanin wani zai hau shi zuwa aiki da farar riga ba. Na gwada maƙala marfin ta sama, ya tokare wayar birki. Na gwada ta ƙasa, ya zauna daram a kan taya. Sifana ta kuɓuce ta ɓare mini fatar babban yatsa. Aka kira azahar ina nan, aka kira la'asar ina nan. Matata ta wuce da tsintsiya sau biyu, tana share ta gefen tabarmata.

Washegari na tura shi wurin wani dattijo mai gyaran keke a gindin dogon yaro. Shekara da shekaru yana gyaran kekunan manoma. Ya danna kan keken, ya ga gaban ya lotsa ya dawo, ya girgiza kai.

"Wanga keke ƙahwatai ta karye," in ji shi.

Na ce ba karyewa ba ce, sifirin ne, haka aka yi shi. Ya dube ni da tausayi, kamar wanda aka cuta a ciniki bai sani ba. Sannan ya yanko tsohuwar robar taya ya ɗaure marfin tamau a jikin ƙarfen da ba ya motsi, ya juya tayar da hannu, ta juya shiru. Na yi godiya na tafi.

A ramin farko sifirin ya lotsa, taya ta taso ta daki marfin, na ji ƙarrr kamar injin niƙa. Haka na yi mako guda. Kafin in shawo kwana mutanen layinmu sun san ni ne tafe. Awaki na watsewa. Lakar kuma ba ta fasa ba, sai dai ta canza hanya, ta koma fitowa ta gefe tana sauka a aljihun hagu. Ranar Alhamis, a gaban masu kabu-kabu da ke jiran fasinja, marfin ya zame ya shige tsakanin taya da ƙarfe, keken ya tsaya cak, ni kuma ban tsaya ba. Ban ji rauni sosai ba, gwiwa ce da tafin hannu. Sannun da suka yi ta yi mini suna danne dariya ita ta fi ƙona mini rai.

Abokin aikin nan nawa ya ce akwai wani mai walda a Argungu da ya san kan irin waɗannan kekuna, zai ɗora masa ɗan ƙarfe mai rami a gama magana. Dama ina da suna a gidan kawuna can ranar Asabar. Na kai keken tasha. Direba ya ce ba ya shiga but sai an cire taya, na cire, ya ce sai an juya kai, na juya, ya danna shi a kan buhunan wata mata, ita kuma ta yi ta mita har muka isa.

Shagon mai walda a kulle. Maƙwabcinsa ya ce ya tafi dashen shinkafa, sai bayan kwana huɗu, ko biyar, ko dai in ya gama.

Na turo keken zuwa gidan suna, marfi a hannu, ko gaisuwar kirki ban iya yi ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, masunci ne, bai taɓa mallakar keke ba. Yana zaune a ƙofar gida yana ɗinkin taru bayan an watse.

"Mi as same ka, ɗana, kake huci haka?"

Na zayyana masa komai, har da faɗuwar. Ya ajiye tarun, ya taso ya danna kan keken sau uku yana kallon ƙasa. Ya nuna wata 'yar gada ta ƙarfe da ta haɗa ƙafafun keken biyu na gaba a saman taya.

"Wagga tana tahiya tare da taya. In taya ta hau, ta hau. Nan za a ɗaure, ba sama ba."

Na ce marfin ba zai zauna a nan ba, ya yi tsawo. Ya karɓa, ya juya shi, ya miƙo mini abina. Ya shiga gida ya fito da fasasshiyar jarkar man gyaɗa, ruwan ɗorawa, ya yanko wani yanki kamar tafin hannu biyu da wuƙar gyaran kifi. Ya ɗora ƙusa a garwashin mai shayi, ya huda ramuka huɗu, ya ɗaure da zaren taru, irin ƙullin da ruwa ba ya kwancewa. Ko shayin da aka zuba mini bai huce ba ya gama.

Na ce, "Kawu, da wannan zan shiga ofis? Ga rubutun kamfanin mai nan a jiki."

"Awo. In kana jin kunya, juya rubutun ƙasa."

Ban juya ba, don na tabbata ba zai yi aiki ba, kuma ina so in dawo in gaya masa haka.

Ran Litinin aka wayi gari da ruwa. Na bi ta cikin kowane kududdufi da gangan, ina jiran ƙara, ina jiran laka a fuska. Babu ko ɗaya. Takalmi dai ya jiƙe, wannan kuwa ba laifin kowa ba ne. Na jingine keken a bayan ofis, inda ba mai wucewa, na tsaya ina kallon guntun jarkar nan da haushi, ban ma san wa nake jin haushi ba.

Da yamma na kira kawu a waya. Na yi niyyar in ce abin ya ɗan yi dama-dama. Kafin in buɗe baki ya ce zaren zai kai damina biyu, in ya tsinke kada in ɗaure da wayar ƙarfe, in zo ya ba ni wani. Sannan ya tambaye ni ko na ga inda ya ajiye wuƙarsa, don tun ranar yake nema.