Ƙwaryar Inna a Bayan Kekena

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa a Keffi ya koma hawa babur, keke ya faɗi warwas. A nan na samu nawa, baƙi mai kariyar ɗora kaya a baya, a hannun wani masinja. Ba wanda ya koya mini gyara. Zama nake gefen masu faci a Sabon Gari ina kallo, har na iya da kaina. Daga nan sai Jos ta shiga raina. A keke fa!

Ni da abokina, wani tela a Angwan Iya, muka shirya. Ni ba isa Jos ɗin ce ta fi damuna ba, ratse ne. Kullum ina tasha wajen direbobi, suna zana mini hanya a ƙasa da tsinke. A Gudi za mu ratse mu ga jirgin ƙasa, don ban taɓa gani ba. Daga Akwanga mu yanki hanyar Wamba mu ga Farin Ruwa, wanda suka ce tun daga nesa kana jin rugugin zubarsa. Duk wanda ya tsaya gaisawa da ni sai ya sha wannan labari.

To ka san garinmu, ba a tafiya ba sallahu. Akwai wata tsohuwar Bafulatana da ke kawo mana nono a Gangaren Tudu tun ina rarrafe, Inna muke ce mata. Ciwo ya kwantar da ita, maƙwabtanmu suka ba ta ɗaki don tana zuwa asibiti. Ita ta aika a kira ni. Na same ta ta rame ƙwarai. Ta miƙo mini wata tsohuwar ƙwarya mai zane, ta yi baƙi don daɗewa.

"Ɗana, rugar 'yata tana bayan Gudi. Ka kai mata wannan. Ba sai ka ce komai ba. Amma ka yi sauri, ruwan fari ya sauka, sun kusa tashi."

Na naɗe ƙwaryar da rigata, na ɗaure a kariya.

Da muka isa Gudi, mutanen tasha suka ce jirgi na tafe, mu ɗan jira. Abokina ya ce, "Mu ga jirginmu mana, ƙwarya sai a dawowa. Ba ruɓewa za ta yi ba."

Na ce, "Kai tela, ruga ce fa, ba shagonka ba ce da za ka dawo ka tarar."

Ya ce, "To sannu, ɗan Inna." Ya biyo ni yana ƙunƙuni.

Da muka isa rugar, muka tarar da kufai. Bukkoki ba kowa, amma tokar murhu da ɗumi, kashin shanu ɗanye. Muka bi sawunsu ta burtali, muna tura kekuna, ƙaya tana cin taya, ina faci. Muna cikin haka muka ji kukan jirgi ta bayan dutse. Muka tsaya har ya yi nisa.

A bakin wani rafi muka cim musu suna shayar da shanu. Muka yi sallama, muka gaisa da maigidan, ya kira matarsa, 'yar Inna, tana goye da jariri. Ina kwance rigar ta ga ƙwaryar, sai ta durƙusa a wurin, ta rufe fuska da hannu. Mijin ya ce da ni a hankali, "Da ƙwaryar nan aka kai Inna ɗakin miji. Mai ƙarfi a jika ba ta rabuwa da irin wannan."

Ya ce ta tafi, shi zai riƙe shanu a nan. Amma ba ta san gidan da aka kwantar da uwarta ba, ni kaɗai na sani. Na dubi abokina. Sai ya ɗauki ƙunshin kayanta ya ɗaure a kekensa. Muka fito titi, muka tare motar doya mai zuwa Keffi, aka ɗora kekunanmu a saman kaya.

Ta sami uwarta da rai. Ina bakin ƙofa na ga ta wanke ƙwaryar, ta dama fura a ciki, tana ba Inna da ludayi. Inna ta sha kaɗan, ta riƙe ƙafar jaririn tana magana da Fulatanci. Ba a rufa mako ba ta rasu, 'yarta na kusa da ita. Allah Ya jiƙanta.

Har yau ban ga jirgi ba, balle Farin Ruwa. Na koma tasha, direbobi sun sake zana mini hanyar. Sun ce ma gara da ban je ba a lokacin, sai damina ta yi tsakiya ruwan yake cika.