Rigar da Na Ce a Mayar

Autanmu shi ne mutum na farko da na taɓa gani yana waƙa ba don kowa ba, kuma har yau da furfura ta rufe mini kai ban iya bayanin abin yadda ni kaina zan gamsu.

Mu manoma ne na wajen Malumfashi. Babanmu ya karɓi bishara tun muna ƙanana, shi ya sa aka kai ni makarantar 'yan mata ta mishan, na yi har sakandare, na dawo na auri malamin makaranta. Auta kuwa bai wuce aji huɗu ba. Da damina yana gona, da kaka ya tafi Funtua aikin injin gurzar auduga. A can ne, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, wani makaniki mutumin kudu ya koya masa jita, yana kuma sa masa fayafayan Turawa a garmaho, masu kiɗa kamar ana sussukar dawa. Da makanikin zai koma garinsu sai ya bar masa jitar, tsirkiya biyu a tsinke. Auta ya ɗaura wayar birkin keke a madadinsu.

Waƙoƙinsa shi yake ƙirƙirar abinsa. Akwai ta rumbun innarmu da gara ta cinye, akwai ta ƙurar auduga da ke kwana a ƙirjin ma'aikata, akwai wata ta jaki mai ɗingishi wadda in ka fara dariya sai ka ƙare da share ido. Ba shi da 'yan amshi, ba shi da makaɗa, ba ya yi wa kowa kirari. A wurinmu kuwa waƙa kala biyu ce da muka sani: ta sujada, wadda ake yi wa Ubangiji, da ta roƙo, wadda ake yi wa mai abin hannu. In aka tambaye shi wa yake yi wa, sai ya ce ba kowa, mutane su dubi juna. Ni ma na taɓa tambayarsa ina tankaɗe, ya ce, "Yaya, ke in kina daka kina waƙa, wa kike wa?" Na ce ai ni daka nake yi. Ya yi dariya ya ci gaba da murɗa tsirkiya.

Sai ya ga wata yarinya 'yar garin Dayi, mai jan baki a mawaƙan majami'arsu, ita ma ta gan shi. Aka kai gaisuwa. Ubanta, dattijon majami'a ne mai gonar gyaɗa, ya ce magana ɗaya ce tasa: ba ya ba maroƙi ɗiyarsa, don ba su gāji roƙo ba. Za su yi bincike. Muka ce Alhamdu lillahi, tunda duk wanda ya san Auta ya san bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa a fuloti, inda ake auna auduga, Auta ya zauna gindin ɗorawa ya yi sabuwar waƙa a kan tsohuwa da ta ɗauko auduga tun daga ƙauye, mai sikeli ya ce audugar ta yi datti. Ban je ba, maigidana ne ya ba ni labari. Wani Alhaji mai motocin ɗaukar kaya yana tsaye yana ji, sai aka ga ya tuɓe babbar rigarsa, mai shuni mai aikin aska a ƙirji, ya yafa wa Auta a gaban jama'a, ya juya ya tafi. Auta ya rasa yadda zai yi. Ya naɗe ta ya kawo mini, ya ce in ajiye masa har ya yi tunani. Na sa ta a akwatina, ƙarƙashin zannuwan zuwa sujada.

Bayan kwana uku gwaggon yarinyar ta yi sallama. Ni aka aiko ta wurina saboda wai an san ba na ƙarya, abin da a ranar na so da ba a san ni da shi ba. Na shimfiɗa mata tabarma, na dama fura. Muka gaisa har muka gaji, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta gyara zama. Ta tambaya ko yana bin gidajen biki, na ce a'a. Ko yana kiran sunan masu kuɗi a waƙa, na ce ko sunan babanmu bai taɓa sawa ba.

"To, ɗiyata, rigar fa?"

Na ce Gwaggo, ba roƙa ya yi ba, yafa masa aka yi.

"Ai duk maroƙi yafa masa ake yi. Kin taɓa ganin wanda ya tuɓe wa mutum riga da ƙarfi?" Ta kurɓi fura. "Wanda ya karɓi riga ya zama mawaƙin mai riga. Haka muka tarar. Ko a makarantarku an canza?"

Na ce ba a koya mana wannan ba. Ta ce ta lura.

Da ta tafi na yi addu'a, na buɗe Littafi Mai Tsarki ina neman inda aka yi maganar riga. Na sami wuraren da aka ce ka bayar, ban sami inda aka ce ka mayar ba. Maigidana ya ce in bar maza su yi maganarsu. Amma ni na ga kamar lissafin a fili yake: rigar ce ta sa ake ce masa maroƙi, in babu riga babu roƙo. Da Auta ya zo na ce ya mayar. Ya ce Yaya, ana mayar da kyauta? Na ce gara Alhaji ya ji haushi da ka rasa yarinyar nan. Daga ƙarshe ya yarda. Ni na goge ta ma da hannuna, na naɗe a sabon ƙyalle.

Auta ya sami Alhajin a tasha cikin yaran motarsa, ya durƙusa ya ajiye. Auta ya ce mutumin bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi uwarsa ta mutu tana kai auduga fuloti a ka, shi ya sa. Bai nemi a yi masa waƙa ba, bai kuma san rigarsa na da ƙazantar da za a dawo masa da ita ba. Ya miƙa wa wani direba ya ce ya shimfiɗa a kujera.

Kafin Lahadi labari ya kai Dayi. Muka zauna jiran a ce mu kawo kaya. Gwaggon ce ta sake dawowa, wannan karon ko fura ba ta sha ba. Ta ce ɗan'uwanta ya ce a ba mu haƙuri. Na ce Gwaggo, ai an mayar.

"Shi ne ai. Ya ce da yaron ya riƙe rigar, da ya san yana da ubangida, ko ba ya so ya san inda ɗiyarsa za ta ci. In manomi ne, ya san rumbunsa. To ga mutum yana waƙa rana ta faɗi, an ba shi ya ƙi, ya kuma kunyata babba a tasha. Wannan me za a kira shi?"

Na ce amma shi ya ce ba ya ba maroƙi. Ta ce har gobe ba ya ba maroƙi. Na ce to da wanne za a yi? Ta tashi tana gyara mayafi, ta ce ita aike aka yi mata.

Na juya maganar nan shekara da shekaru ban ga bakinta ba. Wani lokaci in ce dattijon ya riga ya yanke tun farko, riga dalili ce kawai. Wani lokaci in ce a'a, da na yi shiru wata biyu da ƙura ta lafa, an manta. Na kai wa matar fasto maganar, ta ce na yi daidai. Innarmu ta ce na yi wauta irin ta masu boko. Duka biyun na yarda da su a ranar da suka faɗa.

Yarinyar ta auri wani mai aikin asibiti da kaka ta zagayo. Auta bai bar waƙa ba. Ya yi shekaru yana bin kasuwanni daga Funtua zuwa Matazu, jita a baya, shi kaɗai, in an gama ya koma gona. Masu gidan rediyo sun taɓa ɗaukar muryarsa sau ɗaya, suka rasa shirin da za su sa shi, don ba na gargajiya ba ne, ba kuma na addini ba. Bai taɓa cewa ni na jawo masa ba. Ranar ɗaurin auren yarinyar ma gidana ya wuni, ya gyara mini dangar da awaki suka ɓalle. Da azahar na kawo masa tuwo na ce, Auta, ka yafe mini. Ya wanke hannu, ya ce in ƙara masa miya.