Inna a Bakin Tekun Badagiri

Bagwai zuwa Legas

Da asuba muka bar Bagwai, ni da mahaifiyata, Inna. Ƙanena Sani, mai sayar da albasa a Badagiri, ya yi aure can ba da son ranta ba, ga shi har an haihu. Ta rantse ƙafarta ƙafarsa sai gida. A Kano muka hau doguwar mota. Duk shingen da aka tsayar da mu sai an kwance buhun kukarta. A na Jebba ta ce wa jami'in, "Ɗana, in miya kake so ka faɗa."

Badagiri

Washegari da la'asar muka sauka ana tsuga ruwa. Inna ta ɗaga hannu, "Gari mai albarka!" Har ranar suna bai ɗauke ba. Zanenta ya ƙi bushewa, kilishinmu ya yi funfuna.

"Sani, yaushe daminarku ke ƙarewa?"

"Biyu ce, Inna. In wannan ta wuce, ƙaramar na tafe."

"Ashe ruwan da muke roƙo a Bagwai nan ake ɓarnatarwa."

Matar Sani, Rashida, 'yar ƙabilar Egun ce, kuma tun zuwanmu gaisuwa kawai ke haɗa su da Inna. Washegarin suna ita ta kai mu gidan tarihin da ke bakin ruwa. Cikin tsintacciyar Hausarta ta ce daga nan ake tsallaka da bayi zuwa jiragen Turawa. Inna ta ɗaga wata sarƙar wuya, nauyi ya rinjaye ta.

"Har da mutanenmu?"

"Da yawa, Inna. Kakan kakata ma daga Arewa aka kawo shi, jirgi ya tashi ya bar shi."

"Wane gari?"

"Ba wanda ya sani."

Inna ta daɗe tana kallon ruwan. Can ta share ido ta ce, "Da wannan taurin kan naki, kakan nan mutumin Shanono ne, maƙwabtanmu." Ta karɓi jaririn ta goya, ba ta sauke shi ba har magariba.

Gida

Inna ta bar Sani da iyalinsa, mu biyu muka dawo, da kwakwa da busasshen kifi. Maƙwabta suka cika gidan suna tambayar yadda teku yake.

"Dam ɗinmu na Watari ne," in ji Inna, "amma marar tarbiyya."

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da Rashida da ta jure mu.