Awa Biyar Zuwa Jidda

A gidanmu na Unguwar Dosa a Kaduna, idan an sauke tuwo an yi sallar magariba, Hajiya Kaka ba ta bari a kashe garwashi. Sai ta jawo tabarmarta bakin murhu, mu jikokinta mu zagaye ta. Ita ta haifi babana, kuma a hannunta na tashi tun da aka yaye ni, bayan ya saki mahaifiyata. Ta iya tatsuniya, wannan ba zan ƙwace mata ba. Amma ban taɓa ganin mai harshe irin nata ba.

Abin da aka gaya mini shi ne uwata ta tafi Jidda. Ina shekara bakwai na tambayi Baba nisan wurin. Bai ko ɗago daga jaridarsa ba ya ce daga filin jirgin Kaduna awa biyar ne. Na lissafa, ashe daga azahar zuwa magariba ke nan. Da murnata na kai wa Hajiya labari, na ce idan Umma ta taso bayan azahar, da ita za mu ci tuwo.

Ranar ta yi mana tatsuniyar shamuwa. "To, ga ta nan ta iso, kowa ya kama bakinsa," in ji ta. Wai wata shamuwa ce ta ajiye ƙwanta a akurkin kaza, ta tashi gabas ba ko waiwaye. Kaza ta ƙyanƙyashe, ta ciyar. Da 'yar ta yi fiffike sai ta raina tsabar gidan, ta ce uwarta za ta bi. Ta wuce daji, ta wuce hamada, a tsakiyar Bahar Maliya fiffike ya gaza, kifaye suka yi kalaci da ita.

"Ita uwar fa, Hajiya?" na tambaya.

"Tana can tana kiwo, ba ta ma san an yi ba." Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Awa biyar ta mai fiffiken ƙarfe ce, Zulai. Ke me gare ki?"

Yara suka tuntsire da dariya, suka laƙa mini Shamuwa har na yi aure. Na ji zafi, na kuma ji tsoro. Ban ƙara tambayar labarin Umma ba, sai dai duk jirgin da ya gifta in bi shi da ido.

Ina shekara talatin da ɗaya mijina ya biya mana Umara. Hajiya ta daɗe da rasuwa. Na je sallama wurin Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, na ce a taimake ni da ko sunan unguwar da Umma take a Jidda. Ta daɗe tana murza gefen zaninta.

"Zulai, uwarki ko filin jirgi ba ta taɓa takawa ba. A Katabu ta zauna, tana sayar da ƙosai bakin titin Zariya. Sau uku tana zuwa, Hajiya na mayar da ita daga zaure. Bara waccan Allah ya yi mata rasuwa."

Na hau jirgin, awa biyar ɗin ta cika kamar yadda Baba ya faɗa. Da muka zo saman teku na leƙa ta taga, sai na gane tatsuniyar ba don tarbiyya aka yi ta ba. Idona ake so ya tsaya a sama, kada ya sauka kan titin Zariya. Daga ƙofar gidanmu zuwa Katabu, ko rabin awa bas ba ta yi.