Sunan da Ban Kira Ba

Ranar Talata ce, ranar cirar albasa. Na tashi da asuba na dama kunu, na ɗumama tuwon jiya. Ƙarfe shida da rabi maigidana ya tafi bakin rafi tayar da injin ban-ruwa. Daga madafa na ji injin ya yi tari sau uku kafin ya kama. Ƙauyenmu yana yammacin Sudan, kusa da iyakar Chadi. Mu Hausawa ne. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Kano za su aikin hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a can, suka kafa bukka suka kama noma.

'Ya'yana uku a lokacin. Zahra'u tana goye, shekararta biyu. Musa yana da biyar. Sai babban, ɗan farina, mai shekara takwas. Shi ban taɓa kiran sunansa ba. Haka na taras a gidanmu: uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Mu na can mun riƙe wannan kunya da hannu biyu, don ita ce ɗan abin da ya rage mana na gida. In zan aike shi sai in ce, "Kai." In ana cigiyarsa sai in ce, "Wannan yaron." Har yabona ake yi a unguwa, wai akwai ni da kara. Da safen nan ya sha kununsa a tsaye, ya ɗauki kwando ya bi yara gona. Ban ce masa komai ba.

Ƙarfe tara saura na ji babura. Ba ɗaya ba, ba biyar ba. Sai injin bakin rafi ya mutu. Sai harbi daga gabas, ɗaiɗai, sannan ya haɗe. Wata mota mai buɗaɗɗen baya ta shigo ta tsaya bayan masallaci, da babbar bindiga a kanta. Na leƙa ta saman danga na ga wanda ke tsaye a kan motar. Bishara ne, dillalin da ke sayen albasarmu duk shekara. Ya sha shayi a zaurenmu ya fi a ƙirga. Ya san gidan da ke da inji, ya san gidan da ke da samari. Da hannu yake nuna wa 'yan bindigar ƙofofi.

"Ku fito! Ku kwanta!" Da Larabci suke ihun.

Na fizgi hannun Musa muka fita ta bayan gida. Mata duk sun yi yamma, wajen wani busasshen rafi. Da na hau gaɓa na waiga. Yaran gona ne, kusan ashirin, sun sheƙo a guje sun nufo gari. Masallaci ya kare musu motar, ba su ganinta. Mu muna ganinta. Mata suka fara ƙwala kira. "Sani!" "Habu!" "Ilu, nan! Nan!" Duk yaron da ya ji sunansa sai ya yi kwana ya nufo rafi. Wanda uwarsa ba ta iya kira, gwaggonsa ta kira. Nawa kakarsa ce mai kiransa, ita kuwa ta rasu da damina.

Na ɗaga murya na ce, "Kai! Kai yaro!" Yaro ashirin ne a filin. Bai waigo ba. Gida ya nufa, ni yake nema. Sunan ya taho har maƙogwarona ya tsaya. Na ja numfashi, na sake cewa, "Kai!" Na sake ja. A na ukun sunan ya fita, amma bindigar ta riga ni. Ya faɗi kusa da rijiya, kwandon na hannunsa. Bishara yana tsaye a kan motar, yana gyara rawani.

Wata maƙwabciya ce ta ja ni cikin rafin. Da azahar maigidana ya same mu, jini na bin kunnensa. Ya dubi Musa, ya dubi bayana, ya dube ni. Bai tambaya ba. Hayaƙi ya rufe garin, babura na zagaye, babu halin komawa. Ba mu yi masa wanka ba, ba mu binne shi ba. Mun bi yashi har la'asar ɗin washegari, muka tsallaka Chadi. Wata huɗu muka yi a sansanin 'yan gudun hijira. Daga nan motar kaya zuwa Njamaina, sai Gamboru, sai Maiduguri, sai Kano. Abin da maigidana ya gada daga kakansa game da asalinsu kalma ɗaya ce: Bunkure.

Da muka isa Bunkure, babu wanda ya tuna kakan. Mun wuni a tasha da ƙullin kayanmu, ana kallonmu, sai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, Iya Tabawa, ta ji irin Hausarmu ta ce, "Ku kuma daga wace uwa duniya?" Ta ba mu ɗakin da take ajiye buhunan shinkafa. A nan muke shekara ta uku ke nan.

Ƙasar ta karɓe mu, ba zan yi butulci ba. Ruwa a nan yana zuwa da ƙafarsa ta kanal, ba a roƙon inji. Ranar da maigidana ya fara gani ya tsuguna a bakin kanal ɗin ya daɗe, yana sa hannu yana cirewa. Yanzu yana ƙwadago a gonakin shinkafa wajen Kura, da rani kuma an ba shi aron kadada yana albasa. Sun gane ya san ta. Ni ina bin mata yankan tumatir a shanya. Da farko dariya suke mini in na ce "tamam" maimakon "to", har suka sa mini suna Tamam. Na bar su, harshe ne, ya lanƙwasu. Musa ya yi wata shida in ya ji babur sai ya shige ƙarƙashin gado, a garin da babur ya fi akuya yawa. Yanzu shi ke roƙon a goya shi zuwa kasuwa. Zahra'u kuwa Bakanuwa ce sak. Ba ta san kisra ba, wainar dawar da muke ci a can, gurasa take kuka a saya mata.

Ni ce ban sauka ba. Ban yafe ba, kuma ba ni da niyya. Kullum na idar da salla sai na ambaci Bishara. In na kama wuƙa a wurin yanka, kowane tumatir da sunansa nake tsaga shi. In ina daka, da shi nake daka. Allah ya isa tsakanina da kai, Bishara. Allah ya sa ka kira naka kada ya waigo. Allah ya hana ka mai binne ka. Alhaki kwikwiyo ne, na san zai bi shi, amma so nake a ba ni labari, kuma so nake ya daɗe kafin ya mutu. Iya Tabawa takan ce, "Haba 'yar nan, mai haƙuri shi kan dafa dutse." Nakan ce, "Iya, nawa dutsen ba na dafawa ba ne, na jifa ne." Maigidana ba ya hana ni, ba ya taya ni. Tun daga rafin nan bai sake ambaton yaron ba. Musa ya ga iyayensa sun yi shiru, shi ma ya yi.

Watan jiya muka sa Zahra'u a Islamiyya. Ran Asabar da hantsi na kai ta, malamar tana rubuta sunaye tana jan yaran da hira. Ta ce, "Zahra'u, ku nawa ne a gidanku?"

"Ni da Yaya Musa. Da wani yayanmu, amma ya rasu a can garin."

"Allah ya jiƙansa. Yaya sunansa? Mu sa shi a addu'a."

Zahra'u ba ta ko yi jim ba. Ta ce, "Bishara."

Malama ta ɗora biro a takarda. Na riƙe hannunta. Na ce da yarinyar, "Wa ya gaya miki haka?" Ta dube ni da mamaki. Ta ce, "Ai shi kike kira in kina kuka, Umma."

Na ja ta muka fito. Ƙafata ba ta kai ni gida ba, a bakin kanal na zauna. Wasu mata na wanki can ƙasa, wani na wanke babur. Na zaunar da ita a gabana na riƙe kafaɗunta. Na buɗe baki, abin ya sake tsayawa inda ya tsaya a wancan karon. Na tilasta shi. Na ce, "Sunan yayanki Yahaya."

Ta maimaita, da irin bakin 'yan nan. Ta ce, "Akwai Yahaya biyu a ajinmu." Sannan ta tambaya ko za ta iya komawa, don yau za a raba allo.

Na sake ta ta tafi a guje. Mu biyar muka kwana a gidan can. Huɗu muka iso Bunkure. Cikin huɗun, mu uku ne muka san fuskarsa, kuma ban tabbata da Musa ba.